Yabon Allah a rayuwar Kirista: Amfaninsa ga zuciya da inda ake kuskurensa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'a a Sabon Garin Kano, ko Narayi ta Kaduna, ko Tudun Wadan Jos, ya san yadda safiyar Lahadi take farawa. Tun kafin mai wa'azi ya hau mumbari za a ji ganga ta ɗauka, matan zumunta sun ɗaga murya, jama'a suna amsawa da tafi. A majami'u da yawa lokacin da ake bai wa waƙa yakan kai na wa'azi tsawo, wani lokaci ma ya fi shi.

Abin da ya fi ɗaure wa maƙwabci kai shi ne, waƙoƙin nan ba a ranar biki kaɗai ake jin su ba. Ana rera su a gidan rasuwa da bakin kabari, ana rera su a ɗakin asibiti da sansanin 'yan gudun hijira. Mutumin da shagonsa ya ƙone ranar Alhamis, za ka same shi ranar Lahadi a cikin jama'a yana yabon Allah. Me yake samu a ciki? Amsar da koyarwar Kirista take bayarwa ita ce, yabo ba ya ƙara wa Allah komai, amma yana gyara zuciyar mai yin sa, kuma amfaninsa ya fi fitowa fili a lokacin da rayuwa ta yi tsanani.

Bambancin yabo da roƙo

Bahaushe ya san yabo tun fil azal. A fada akwai maroƙa da makaɗa da sanƙira, waɗanda ke wasa sarki ko attajiri da kirari har sai ya sa hannu a aljihu. Irin wannan yabo ciniki ne, domin maroƙi yana sayar da baki ne, wanda aka wasa kuma yana sayen suna. In kyauta ta tsaya, waƙa ta tsaya, wani lokaci ma ta juye ta zama zambo.

Yabon Allah a wurin Kirista ya sha bamban da wannan ta fuska biyu. Na farko, Allah ba mabuƙaci ba ne. Lokacin da manzo Bulus ya yi wa mutanen Atina jawabi, kamar yadda sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni ta bayar da labari, ya nuna musu cewa wanda ke ba kowa rai da numfashi ba ya jiran wani abu daga hannun ɗan Adam. Na biyu, maroƙi yakan ƙara gishiri don ya faranta wa mai kyauta rai, amma mai yabon Allah gaskiya kawai yake faɗa, kuma duk abin da ya faɗa bai kai yadda abin yake ba.

Malaman Kirista sukan kuma raba godiya da yabo, ko da yake tare suke tafiya. Godiya tana duban abin da Allah ya yi wa mutum, kamar lafiya da abinci da haihuwa. Yabo yana duban Allah kansa, wato tsarkinsa da amincinsa da jinƙansa da ikonsa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin akwai ranar da mutum zai duba hannunsa ya rasa abin da zai lissafa, alhali halin Allah yana nan yadda yake jiya.

Marubucin nan ɗan Birtaniya, C. S. Lewis, ya bayyana a littafin da ya wallafa kan Zabura a 1958 cewa da farko batun yabo ya dame shi, don ya ga kamar Allah yana neman a riƙa wasa shi ne. Daga baya ya lura cewa mutane ba sa iya yin shiru a kan abin da ya burge su, kuma jin daɗin abu ba ya cika sai an furta shi. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa yabon gwani ya zama dole.

Tushen al'adar

Littafin Zabura, wanda aka danganta kusan rabinsa ga Dawuda, yana da waƙoƙi 150, kuma sunansa a harshen Ibrananci yana nufin yabo ne. Kalmar Haleluya da ake yawan ji a bakin Kiristoci daga wannan harshe ta fito, ma'anarta kira ne ga jama'a su yabi Ubangiji. Bisharar Matiyu da ta Markus sun nuna cewa Yesu Almasihu ya rera waƙar yabo tare da almajiransa bayan jibin ƙarshe, a daren da aka kama shi. Wajen shekara ta 112 kuma, wani gwamnan Rumawa mai suna Filini, wanda ke mulkin lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristocin yankinsa sukan taru kafin fitowar rana su rera waƙa ga Almasihu. A wancan zamani kuwa zama Kirista yana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

A Arewacin Najeriya, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma Dakta Walter Miller, likitan mishan da ya daɗe a ƙasar Zazzau, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. Majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN da Angilika suna amfani da Littafin Waƙoƙi na Hausa, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce daga waƙoƙin Turai. Sai dai ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na Sabon Rai sun ƙirƙiro nasu waƙoƙin da salon gida, na bayarwa da amshi, da ganga da tulu da caki. Su ne waƙoƙin da suka fi shiga jinin talaka.

Yana ɗauke ido daga kan matsala

Damuwa tana da halin cika zuciya har ta hana mutum ganin wani abu sai ita. Ɗan kasuwar da ake bi bashi da bashin yake kwana, da shi yake tashi. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata ba ya jin ɗanɗanon abinci. Amfanin yabo na farko shi ne yana tilasta wa zuciya ta kalli wani abu da ya fi matsalar girma.

Misalin da Kiristoci suka fi kawowa shi ne na Bulus da Sila a birnin Filibi, a arewacin ƙasar Girka ta yau. Sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni ta ce an yi musu dukan kawo wuƙa a bainar jama'a, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare sai aka ji suna addu'a suna rera waƙar yabo, sauran fursunoni suna saurare. Bayan haka ne girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi.

Abin lura a labarin shi ne, sun yi waƙar ne tun ƙofa tana kulle, ba su kuma san za ta buɗe ba. Da ta buɗe ɗin ma ba su gudu ba. Sai ga Bulus yana hana mai gadin kurkukun kashe kansa, domin ya ɗauka fursunoni sun tsere. Mutumin da bayansa ke zubar da jini amma yana da sararin tunanin ran wanda ya tsare shi, to lalle zuciyarsa ta riga ta fita daga kurkuku tun kafin jikinsa.

Yana karya girman kai

Wahala tana da haɗari, amma nasara ma tana da nata. Sura ta 8 ta littafin Maimaitawar Shari'a ta gargaɗi Isra'ilawa cewa idan suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje, dukiya ta yalwata, kada su fara ganin ƙarfinsu da wayonsu ne suka kawo musu. Wannan gargaɗi ya dace da duk wanda kasuwa ta buɗe masa ko aka ƙara masa girma a ofis. Mai yabon Allah kullum yana tuna wa kansa cewa lafiyar da ya fita nema da ita da basirar da ya yi ciniki da ita aro ne aka ba shi. Wanda ya san haka ba zai wulaƙanta yaron shagonsa ko masinjan ofishinsa ba.

Bisharar Luka ta ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar. Tara suka wuce abinsu, ɗaya kaɗai ya dawo yana ɗaukaka Allah, shi ma Basamariye ne, wato baƙon da Yahudawa ba sa ganin girmansa. Dukansu sun sami lafiyar jiki, amma wanda ya dawo ne kaɗai ya gane wanda ya ba shi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma a nan tukuicin ga mai bayarwa yake komawa, domin shi ne yake tsira daga mantuwa da butulci.

Yana maganin hassada

Akwai wata Zabura, ta 73, da ya kamata kowane ma'aikaci mai riƙon amana ya sani. Mawallafinta, Asaf, ya furta a fili cewa saura ƙiris ƙafarsa ta zame, saboda ya ga azzalumai suna ƙiba suna ƙara dukiya, shi kuwa da ya tsare hannunsa yana shan wahala. Har ya fara tunanin ko gaskiyarsa ta tashi a banza. Bai sami natsuwa ba sai da ya shiga wurin sujada, inda ya hango ƙarshen al'amari, ya kuma gane cewa kusantar Allah ita ce babbar riba.

Halin Asaf ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutum biyu aka ɗauke su aiki rana ɗaya a mataki ɗaya, bayan shekara goma ɗaya ya mallaki gidaje, ɗaya yana haya. Idan mai hayar ya bar zuciyarsa tana auna kanta da abokinsa, ko dai baƙin ciki ya cinye shi, ko shi ma ya sa hannu a abin da ba nasa ba. Yabo yana canza ma'aunin. Zuciyar da ta saba lissafa alherin Allah ba ta da sararin lissafa kayan maƙwabci, kuma daga nan ne wadar zuci take tsirowa.

Yana ba mai makoki ƙafar tsayawa

A nan ne mutane da yawa suke yi wa yabo mummunar fahimta, suna ɗauka cewa mai yabo dole ne ya danne hawayensa ya yi murmushin dole. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Zabura ta 13 ta fara da tambayar Allah ko ya manta da bawansa ne, sannan ta ƙare da dogara. Ta 88 kuwa a cikin duhu ta fara, a cikin duhu ta ƙare, amma duk da haka an bar ta a cikin littafin yabo.

Ayuba ya rasa tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'ya goma a rana guda. Ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa, sannan ya albarkaci sunan Ubangiji. Makoki da sujada a tare suka zo masa. Annabi Habakuk ma, a ƙarshen littafinsa, ya lissafa duk abin da manomi da makiyayi ke tsoro, wato itatuwa su ƙi 'ya'ya, gonaki su bushe, garke ya ƙare, sannan ya ce ko hakan ta faru farin cikinsa yana wurin Allah.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wannan. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aka kafa tushenta a Garkida a 1923, tana cikin majami'un da rikicin Boko Haram ya fi yi wa ɓarna. Yawancin ɗalibai mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan membobinta ne, kuma a watan Oktoba na wannan shekara mayaƙan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Duk da haka waƙa ba ta mutu a bakin mutanenta ba. A 2015 ƙungiyar mawaƙa ta Zumuntar Matan EYN ta zagaya majami'u a Amurka tana rera waƙoƙin yabo, tana ba da labarin abin da ya sami jama'arta. Waƙa ba ta dawo da wanda ya mutu ba, ba ta sake gina gidan da aka ƙone ba. Abin da ta yi shi ne ta hana baƙin ciki zama ƙiyayya da fid da rai.

Yana haɗa jama'a, yana koyarwa

A majami'a ɗaya a Kaduna ko Abuja za ka iya samun Bajju da Berom da Ngas da Bura da Margi da Tangale da Hausawa, kowa da harshen gidansu, amma waƙar Hausa ɗaya ta haɗa bakinsu. Darakta da mai shara layi ɗaya suke rerawa a lokaci ɗaya, babu wanda muryarsa ta fi ta wani daraja. Yana da wuya ka ci gaba da gaba da mutumin da kuke amsa waƙa ɗaya kowane mako ba tare da zuciyarka ta tuhume ka ba.

Bulus ya shawarci mutanen Kolosi su riƙa koyar da juna da gargaɗin juna ta hanyar zabura da waƙoƙi. Hikimar wannan ta bayyana a karkarar Arewa, inda tsofaffi da yawa da ba su taɓa shiga aji ba suka haddace labaran Littafi Mai Tsarki ta waƙoƙin zumunta. Wa'azin da aka ji ranar Lahadi yakan gushe kafin Laraba, amma waƙa tana bin mace har bakin murhu, tana bin direba har kan hanya, kuma sau da yawa ita ce abin da ke saura a bakin tsoho a kan gadon jinya.

Inda ake kuskure

Kuskure na farko shi ne mayar da yabo jari. Akwai masu wa'azin da ke koyar da cewa idan mutum ya yi rawa da ihu sosai, kwangila za ta fito ko bashi zai biya kansa. Sukan kafa hujja da labarin Sarki Yehoshafat na Yahuza, wanda ya sa mawaƙa a gaban rundunarsa, abokan gaba suka hallaka junansu. Amma sura ta 20 ta Tarihi na Biyu ta nuna cewa kafin waƙar, sarkin ya kira azumi, ya kuma furta a gaban jama'a cewa ba su da ƙarfi, ba su san abin yi ba. Yabonsu dogara ce, ba dabara ba. Wanda ya yabi Allah don a biya shi ya koma sahun maroƙa, kuma ranar da biyan bai zo ba bangaskiyarsa za ta girgiza.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, wato yabon baki da hannu mai zalunci. Annabi Amos, makiyayi daga garin Tekowa wanda ya rayu a ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, ya isar da saƙon cewa Allah ya ƙi jin hayaniyar waƙoƙin mutanen da ke karɓar rashawa suna tattake matalauta. A sura ta 8 ya ambaci 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma tauye mudu, su murɗe ma'auni, su sayar da hatsi haɗe da dusa. Saƙon a fili yake. Wanda ya yi algus ranar Asabar, ko ya ɓoye fayil ɗin ɗan fansho sai an ba shi na goro, waƙarsa ta ranar Lahadi ba ta wuce rufin majami'a ba. Shi ya sa wasiƙar Ibraniyawa, a sura ta 13, ta ambaci hadayar yabo, nan take kuma ta bi ta da umarnin yin alheri da taimakon mabuƙata.

Kuskure na uku shi ne daɗin kiɗa ya rinjayi ma'ana. Agustin, bishop na birnin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ba da labarin yadda waƙoƙin majami'ar Milan suka sa shi zubar da hawaye a farkon tubarsa. Duk da haka ya furta cewa yakan ji ya yi laifi a duk lokacin da zaƙin murya ya fi kalmomin taɓa shi. Mawaƙin da ke neman a tafa masa ya karkatar da yabon zuwa kansa. Haka nan majami'ar da ke ƙure lasifika har tsakar dare a unguwar da ke da marasa lafiya da jarirai da ɗalibai, ta manta cewa ƙaunar maƙwabci tana cikin manyan dokoki biyu da Almasihu ya ambata. Allah yana jin raɗa kamar yadda yake jin ihu.

Yadda ake saba wa zuciya

Yabo hali ne da ake koya, kamar yadda ake koyon sana'a, kuma wanda ya jira sai ransa ya yi daɗi kafin ya yi shi ba zai yi nisa ba. Daniyel, babban ma'aikacin gwamnati ne a fadar Babila da ta Farisa, kuma al'adarsa ce ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya. Ranar da aka kafa dokar da ta haramta hakan, bai ƙara ba bai rage ba, ya ci gaba da abin da ya saba. Ɗabi'ar da ya gina a lokacin zaman lafiya ita ta riƙe shi a lokacin haɗari.

Kiristoci da yawa sukan fara da Zabura. Mai karanta biyar a rana zai sauke littafin cikin kwana 30, kuma a hanya zai gamu da kalmomin da suka dace da kowane hali, na murna da na tsoro da na tuba. Wasu iyalai sukan rera waƙa ɗaya da asuba kafin kowa ya fita, wasu kuma kafin barci kowa ya ambaci abu ɗaya da ya ga alherin Allah a cikinsa a wannan rana. Shawarar da dattawan ikkilisiya suka fi bayarwa ita ce mutum ya fara addu'arsa da yabo kafin ya jero buƙatunsa, domin wanda ya fara tuna girman wanda yake roƙo, roƙonsa ma yakan daidaita.

A gaisuwarmu ta yau da kullum, Musulmi da Kirista, idan aka tambayi mutum yaya aiki ko yaya kasuwa, amsar da ke fitowa ita ce da godiya, ko mun gode Allah, ko da kuwa tun safe bai yi cinikin sisi ba. Sau da yawa baki ne kawai ke faɗa saboda sabo. Abin da koyarwar Kirista take nema ga mabiyinta shi ne ya sa zuciyarsa ta yarda da abin da bakinsa ya faɗa, sannan mudunsa da alƙalaminsa su shaida hakan ranar Litinin.